Igiyar Shanya

Igiyar shanya ɗaya ce a gidan hayarmu na unguwar Nima, mu kuwa ɗaki tara. Shekarar da ɓarin jikin Mma, mahaifiyata, ya shanye, fitsari ya daina tsaya mata. Kullum da safe nakan wanke zannuwanta in shanya, sannan in wuce kasuwar Agbogbloshie sayar da albasa. Da yamma in tarar da su a ninke bakin ƙofa. Har godiya nake wa matar mai gidan, sakarya da ni.

Ashe ina fita take kwashe su ta watsar a ƙasa bakin kwata, wai zarni na kama kayanta, sai na kusa dawowa ta ninke su. Ƙudaje su yini a kai suna zuba ƙwai. Ni ko ba na guga, a haka nake ƙunsa wa Mma.

Ta yi kwanaki tana cije leɓe, kunya ta hana ta faɗa. Ran nan ina mata wanka na ga tsutsotsi farare suna motsi a gabanta. A asibiti nas ta yi ta ciro su ɗaya-ɗaya, Mma ta juya fuska bango. Nas ɗin ta ce, "Ina kuke shanya?" Da na koma gida wata maƙwabciya ta tsegunta mini komai.

Matar mai gidan ba ta tsaya nan ba. A bakin famfo ta ɗaga murya da Hausarta ta 'yan Nima: "Tsohuwan nan ya ruɓe tun bai mutu ba, Allah ya san abin da ya yi!" Mma ta ji. Ciwon ya warke, amma ba ta sake yarda an fito da ita tsakar gida ba, sai a makara. Na tsani matar nan, kuma ban ɓoye ba.

Bayan shekaru ta samu kujerar Makka, ta bi ɗaki-ɗaki neman gafara. Kowa na cewa Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ta iso ƙofata. "Ɗiyana, in na miki laifi, yafe ni."

Na ɗauko zanen Mma ɗaya da na adana, na nuna mata. Na ce, "Mai shi kika yi wa, tana maƙabarta. Je ki tambaye ta."

Ta je hajji ta dawo da haƙorin Makka. Shekara bakwai ta ƙara a duniya, kuma ba safiyar da ban jiƙa zanen nan na shanya shi daidai ƙofar ɗakinta ba. Ko sau ɗaya ba ta taɓa shi ba.