Ranar da Aka Tambayi Innata Sunana

Wata Laraba a kakar gyaɗa ta 1989 aka zaunar da ni a kan benci a wani ofishin kula da yara, ba riga a jikina, don kowa ya ga bayana. Shekarata tara. Baffa, ƙanin mahaifina, yana tsaye a bakin ƙofa yana jan carbi kamar ba shi ya yi aikin ba. Innata kuwa, da aka aika aka ɗauko ta daga rugarsu ta wajen Fulatan, ta durƙusa a lungu, ta ja mayafi har bakin hanci.

Tun da mahaifina ya rasu Inna ta gama takaba ta koma gidansu, ni nake riƙo a hannun Baffa a Turawa. Ni ne ɗiban ruwa, ni ne yankan ciyawar awaki, ni ne korar tsuntsaye a gonar gero. In yara suna langa a dandali, ni ina bayan gida ina sussukar dawa. Akuya ta shiga gonar wani, duka ne da igiyar guga, tulu ya fashe ma igiyar guga ce. Malaminmu na aji uku ne ya ga tabon dukan ranar duban tsabta, da ya sa muka tuɓe riguna. Allah ya saka masa da alheri, da kyakkyawar niyya ya kai ƙara.

Jami'ar da ta saurare mu yarinya ce, tashin birni, da agogo a hannu tana ta dubawa. Ta yi wa Baffa faɗa sosai, wannan ba zan ci haƙƙinta ba. Sannan ta juya wajen Inna ta ce, "Baiwar Allah, wannan ɗanki ne? Yaya sunansa?"

Ni ɗan fari ne. A wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta kallonsa a gaban mutane, balle a gaban dangin miji. Tun da na yi wayo "yaron nan" take ce mini, in za ta ba ni fura sai ta ajiye ƙwaryar ta kau da kai. Sau uku aka tambaye ta, tana zanen ƙasa da yatsa. Masinjan ofishin dattijo ne ɗan ƙasarmu, ya san komai, amma bai fahimtar da jami'ar ba, wai ba huruminsa ba ne. Jami'ar ta ce uwar da ta kasa amsa ɗanta ba za a ba ta riƙonsa ba. Ni dai ba wanda ya tambaye ni inda nake so in tafi.

Gidan yara aka kai ni a Kano, aka haɗa ni da waɗanda aka kamo da sata. Aka yi mini aski tal. Can ma akwai bulala, sai dai ta roba ce. Karatuna a nan ya tsaya. Da aka sallame ni bayan wasu shekaru, kabarin Inna na tarar. Ƙanwarta ce ta gaya mini cewa Inna ta sha takawa a ƙasa zuwa ofishin nan, ta wuni a gindin darbejiya. In aka ce wane yaro take nema, a faɗi suna a duba, sai ta yi shiru ta juya.

Yanzu kullum rediyo sai zancen haƙƙin yara, ana ta taro ana cin shinkafa. Ban ce ƙarya suke ba, amma har gobe ina so in ji ko suna tambayar yaron da bakinsa. Matata tun daga tsakar gida take ƙwala wa ɗanmu na fari kira da sunansa, har maƙwabta su ji. Da can ina yi mata faɗa, in ce ba ta da kunya. Yanzu in ta kira shi, sai in ajiye abin da nake yi in saurara.