Kurar Da Ke Taka Sawun Maharba

Mu huɗu ne ran nan, kuma wallahi duk wanda ke raye cikinmu zai ba da shaida. Akwai Sarkin Baka Maidabo, shugaban maharban yankinmu, akwai ƙanena Umaru da ke riƙe mai karnuka, akwai Buba Bafillace wanda anka cinye ma maraƙi, sai ni da jar akuyata mai ciki.

Lokacin gidanmu shi ne na ƙarshe a Runjin Sambo, in ka fita bayan danga sai gonaki har duwatsun da ke yamma wajen Wamakko. Shekarar nan wata kura ta sa mu gaba. Awakin da na gada wurin innata ta bi su ɗaya bayan ɗaya, har da wata baƙa da na fi so, wadda na ɗaura ma jan zare da wuri a wuya don maganin baki. Jar nan kaɗai ta rage man, in ta tafi irin awakin innata ya ƙare ke nan.

Maharba sun yi ta hawan duwatsun nan, kullum su fita da hantsi su dawo da la'asar, ba kura ba sawunta, sai ƙaya a ƙafa. Wurin ba daɗin bi gare shi ba, tsakuwa ce da kogunan dutse, karnuka su shinshina su kama kewaya wuri guda kamar an juya masu kai. Da abin ya ishe su sai Sarkin Baka ya aiko Umaru wai in ba su akuyata su ɗaure a gindin dutse ta yi kuka, kura ta fito.

Na ce masa, "Ka gaya ma Sarki inda akuyata ta sa ƙafa nan zan sa tawa."

Sarki da kansa ya zo. "Inna, mace ba ta bin farauta."

"To akuya ma mace ce, sai mu zauna gida mu biyu."

Ya yi dariya ya ce in taho, amma in bi baya, kada in yi magana.

Haka munka kama hanya, su a gaba idanunsu na bisa dutse, ni a baya ina jan akuya, ga ta da nauyi, ga ni da ciwon gwiwa, shi ya sa kaina ke ƙasa. Hanyar da suke bi kullum ce, sawun takalmansu na jiya duk yana nan cikin rairayi. Sai na ga wani abu. Cikin sawun takalmin Sarki akwai wani sawu mai farce, ya zauna daidai tsakiya. Na duba na gaba, haka. Na duba na dawowa, haka. Jama'a, kurar nan ba gefe take bi ba, inda mutum ya ɗaga ƙafa nan take sa tata. Duk kwanakin nan da suke nemanta a gaba, tana bayansu, ta raka su dutse ta rako su gida.

Akuyar ta toge, jikinta ya ɗauki ɓari. Na ɗauke ta cak na rungume, ban san inda ƙarfin ya fito ba.

Na ce, "Sarki, juyo."

Umaru ya ce, "Yaya, an ce ki yi shiru."

"Kai ka yi shiru. Sarki, abin da kake nema yana bayana."

Allah ya yi ma mutumin nan albarka, bai tsaya gardama ba. Ya juyo da bindigar tokarsa, ya dubi inda na nuna da haɓa, sai ga kurar kwance gindin sabara, tsakar rana, ta ɗora kai bisa ƙafafu tana kallonmu, tsakanina da ita bai kai jifa ba. Na duƙa da akuyata, ya saki wuta ta bisa kaina. Harbi ɗaya ya yi, ko shurawa ba ta yi da yawa ba.

Buba ya dinga kabbara, Umaru na yi ma Sarki kirari, Sarki ya ce a bar kirarin, a yi ma Inna. Ni kuwa na matsa in ga fuskar wadda ta cinye man dukiya. Nan na ga jan zaren nan da wurinsa, na baƙar akuyata, ɗaure a ƙafarta ta hagu. Ba sarƙewa ya yi ba. Ɗauri ne tamau, ƙulli bisa ƙulli, kuma ba irin ƙullina ba ne. Na nuna ma Sarki, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Inna, abin da daji bai faɗa ba, ba a tambayarsa." Ya yanke zaren da wuƙa ya miƙo man.

Har yau ban san hannun da ya yi ƙullin nan ba. Abin da zan gaya maku shi ne, in kun nemi abu a gaba kun rasa, ku waiwaya, kuma kada ku fita daji ba addu'a.

Washegarin ran da anka harbe kurar, da gari ya waye na jefa zaren cikin murhu na tsaya har ya zama toka. Sannan na buɗe danga, na kora akuyata kiwo, na ɗauki kujera na zauna bakin gona ina kallonta tana cin ciyawa.