Kujerar Gwaggo

Shekarar da ƙungiyar masu shinkafa ta garinmu Gaya ta koma kamfani, ina koyarwa a lakwal ɗin firamare. Wani furoje ne, wato shirin tallafi, ya yi alkawarin kawo injin casa, da sharaɗi biyu: a kafa majalisar gudanarwa mai mutum bakwai, kuma lalle a sa mace ɗaya a ciki. Kowa ya san kujerar macen ta Gwaggona ce, ƙanwar mahaifina. Tun kafin a haife ni take turara shinkafa, kuma ita ke jagorantar matan da ke wannan aiki daga Gaya har Tanda.

Sai takarda ta fito daga biron furojen, wato ofishinsu. Duk mai son kujera ya kawo tarihin karatunsa da aikinsa, da diflom, takardar shaidar gama karatu. Gwaggo ko ƙofar aji ba ta taɓa takawa ba.

Nan dattawa suka ɓullo da dabarar aron takarda. Wannan ya rubuta sunan ɗansa da ke Yamai, wancan na ƙanen matarsa mai shagon magani. Masu takarda su zauna a tebur, masu sanin shinkafa su zauna a benci bayansu suna raɗa. Alhajin da aka zaɓa shugaba, mai manyan motoci, ya same ni har gida.

"Malama, abin mai sauƙi ne," ya ce. "Ki ba da sunanki. Gwaggonki ta zauna bayanki, abin da ta faɗa miki ki faɗa."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da ko tuwon shinkafa sai in caɓa shi, ni zan zauna gaba, matar da ta goya ni ta koma baya kamar mai jiran mota? Na ce masa, "Alhaji, diflom ɗina na koyar da yara ne, ba na haya ba."

Washegari bayan la'asar na zauna da Gwaggo a tsakar gida, na rubuta mata tarihin da kaina. A gurbin karatu na sa: babu. A gurbin aiki kuwa na cika shafi biyu. Na rubuta cewa da haƙori take gane ko shinkafa ta bushe, da hanci take gane wadda ruwa ya taɓa a cikin buhu. Na rubuta cewa tana ciniki da Hausa da Dendi da Zabarmanci, kuma matan tsallaken kogi ba sa sayen buhun da ba ta sa hannu a ciki ba. Tana ta dariya tana cewa, "Ɗiyata, wa zai karanta wannan tatsuniya?"

Sun karanta, sun mayar mana. Wani saurayi ma'aikacin biron, da ladabinsa, ya ce ƙa'ida ƙa'ida ce, a kawo wata macen.

Ban kwanta ba. Mata masu diflom a cikin dangin 'yan ƙungiyarmu ba su da yawa, kuma duk na san gidajensu: unguwarzoma ɗaya, malamai biyu, da wata mai aiki a kwastan. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ban yi musu dogon wa'azi ba, na dai tambaye su ko akwai wadda za ta iya zama Gwaggo na bayanta. Babu wadda ta kai takarda. Mako uku kujerar tana wofi, injin yana can bai motsa ba. An zage ni a kasuwa, wani kawuna ya daina amsa gaisuwata, kuma gaskiya na ji tsoro kada garin ya rasa injin saboda taurin kaina.

A mako na huɗu Alhaji da saurayin biron suka yi sallama a gidan Gwaggo. Suka durƙusa, suka roƙe ta da Hausa mai daɗi, ta dangwala yatsa a takardar karɓar kujerar.

Ranar zaman farko na raka ta, na tsaya a bakin ƙofa. Alhaji ya miƙa wa ɗan Yamai takarda, ya fara karantawa da Faransanci, dattawan benci suna gyaɗa kai ba su ji komai ba. Gwaggo ta bar shi ya kai layi uku, sannan ta dafa tebur.

"Alhaji, ba kallo na zo ba," ta ce. "Da bakin da kuka roƙe ni, da shi za ku yi mini magana."

Yaron ya dubi Alhaji, ya juya takardar, ya sake farawa daga farko da Hausa.