Telolin Baffa

Wata rana, kwana biyar da rasuwar mahaifinmu, yayana Nafi'u ya ce bari ya je ya duba gona.

Tela ne a Zariya. Zaman karɓar gaisuwa ya yi masa nauyi, sai ya sulale da hantsi, shi kaɗai.

Gonar Baffa, haka muke kiran mahaifinmu, ba wata babba ba ce. Kuɓewa ce da wake, sai 'yan kunyoyin barkono ta wajen rafi. Ta gabas tana iyaka da gonar Baba Nomau, abokin Baffa tun suna samari.

A kan wannan iyakar Nafi'u ya tsaya cak.

Sanduna ne a kafe, bibbiyu, a jere. Kowace an ɗaura mata tsumma shuɗi a kai.

Tsakanin kowane sanda biyu akwai yanar gizo, zagayayya, ta fi faifai faɗi. A tsakiyarta ga wani gizo-gizo da bai taɓa lura da irinsa ba. Cikinsa zane-zane ne, baƙi da rawaya, sak rina. Kansa a ƙasa, ƙafafunsa a haɗe bibbiyu, ko motsi ba ya yi.

Amma ba gizon ne ya tayar masa da hankali ba.

Wani farin zare ne mai kauri da ya sauko ta tsakiyar yanar, yana karyawa dama yana karyawa hagu.

Mutumin da ke wuni a kan keken ɗinki, amma abin da idonsa ya nuna masa a ranar rubutu ne.

Sanduna, tsumma, rubutu, kuma a kan iyaka. Nan take ya tuno wata 'yar sa-in-sa da Baffa da Baba Nomau suka taɓa yi a kan wannan iyakar muna yara, wadda su kansu sun manta da ita.

Ya tumɓuke sanda ɗaya ya bi yanar nan yana kaɗewa, sandunan suna zubewa. Gizo biyu ya taka da takalminsa. Sauran suka faɗa cikin ciyawa.

Ya dawo gida da sandan a hannu, ya same ni a tsakar gida ina wanke kwanukan baƙi, ya ba ni labari.

A nan nawa laifin yake, kuma ba zan ɓoye ba.

Kafin Baffa ya rasu wasu ƙuraje masu ruwa sun feso masa a gefen ciki. Likita ya gaya mana ba su da alaƙa da gizo, kuma ciwon zuciya ne ya kwantar da shi. Da kunnena na ji. Duk da haka na buɗe baki na ce wa Nafi'u ai dama mata suna ta cewa tautau ne ya yi wa Baffa fitsari, ga shi kuwa an ga inda aka ajiye su.

Bai bari na rufe baki ba ya yi waje.

Baba Nomau yana zaune a ƙofar gidanmu, a gefen tabarma. Tun ranar jana'iza shi ne farkon zuwa, shi ne ƙarshen tashi.

Nafi'u ya jefa sandan a gabansa, a gaban mutane. Ya kira shi da sunansa tsurarsa, babu Baba. Ya ce idan gonar yake so ai da ya bari a yi arba'in, kuma abin da ya binne wa mahaifinmu a kan iyaka Allah ya tona shi.

Tsohon nan ya dubi sandan, ya dubi tsumman. Ya daɗe yana kallon tsumman.

Sai ya miƙe. Ya ɗauki takalmansa a hannu, sai da ya yi nisa sannan ya saka.

Washegari bai zo ba.

Kafin la'asar magana ta zagaye gari. A masallaci, wanda ya tsaya kusa da shi a sahu ya janye kafaɗarsa. Mutumin da ya shekara saba'in ba a taɓa jin kansa da kowa ba, ana nuna shi da baki.

Ranar sadakar bakwai, rana ta ɗan ɗago, sai ga sallamarsa. Ya ƙi shiga zaure. Ya ce Nafi'u ya ɗauko sandan nan ya biyo shi, daga nan ya faɗi duk abin da ya ga dama.

Nafi'u ya bi shi yana huci.

Raɓa ba ta gama bushewa ba suka isa. A can ƙarshen layin, tsakanin sanduna biyu da suka tsira, ga sabuwar yana an saƙa, ga farin zaren nan a tsakiya, ga mai ita a zaune kamar ba abin da ya faru.

Baba Nomau ya sunkuya da ƙyar, ya kama wata fara a kan ganyen wake, ya cilla ta cikin yanar.

Kafin Nafi'u ya ƙifta ido gizon ya isa kanta, yana juya ta yana naɗe ta da zare har ta koma kamar ƙullin magani.

Sai tsohon ya fara magana, a hankali, idonsa a kan yanar.

Ya ce babbar nan mace ce, namijin ɗan mitsitsi ne, sai an duba gefen yana da kyau ake ganinsa. Ba ta bin mutum, in an matsa mata ma faɗuwa take ta ɓuya. Fara take ci da ƙudaje da sauran ƙwarin da ke lalata ganye.

Ya ce shekara huɗu ke nan da Baffa ya daina feshi, don warin maganin yana toshe masa ƙirji. Da ya lura gefen da suke saƙa ya fi lafiyar ganye, sai ya riƙa kafa musu sanduna da hannunsa. Tsumman kuma don mai wucewa ya gani ya kauce, kada ya ratsa ta ciki.

Farin zaren, in ji shi, sun sha musu a kai. Baffa ya ce alama ce don tsuntsu ya gani kada ya keta. Shi kuma ya ce ƙwari take yaudara da shi. Har Baffa ya koma ga Allah ba wanda ya yarda da na wani.

Nafi'u dai bakinsa bai daina ba.

"To rubutun fa?"

"Kai da kake tela kake tambayata? Wane ɗinki kake yi wa bakin yadi don kada ya zare?"

Nafi'u ya sake duban farin zaren. Dama, hagu, dama, hagu.

"Ka san sunan da babanka yake kiransu? Telolina. Ya ce tunda nasa telan ya tafi birni, Allah ya aiko masa da wasu gona. Kwance tsumman nan ka gani."

Ya kwance.

Shuɗin yadi ne, ya koɗe. A bakinsa ga ɗinki a karkace, zaren ma bai dace da launin yadin ba.

Nafi'u ya gane shi. Rigar farko ce da ya ɗinka da hannunsa yana koyo, ya kawo wa Baffa da sallah. Aljihunta ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Baffa ya sa ta har ta mutu, da ta mutu ma bai yar ba.

Kafin wannan rasuwar, rabon Nafi'u da taka gonar nan shekara shida.

Ya durƙusa a cikin kunyar wake, ya rufe fuskarsa da tsumman.

Baba Nomau bai rarrashe shi ba. Ya bar shi ya yi mai isarsa, sannan ya nuna masa wani ɗan ƙulli mai ruwan ƙasa a maƙale a jikin ciyawa, ya ce ƙwai ne, ya kula da ƙafarsa kada ya ƙara wata ɓarnar.

Da suka dawo an cika ƙofar gida ana shirin addu'a.

A daidai inda ya jefa sandan, nan Nafi'u ya tsuguna. Ya faɗi abin da ya gani, bai rage komai ba, har gizo biyun da ya taka. Ya ce ƙarya ya yi wa Baba Nomau, kuma duk wanda ya kai maganar wani wuri, don Allah ya koma ya kai wannan.

Ni ma na aika a roƙa mini Baba Nomau ya leƙo zaure. Na kasa haɗa ido da shi. Na ce ni na kawo zancen tautau.

Ya ce ya yafe mana tun a ranar, don ya san zafin rashi ne. Ya ce abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai: a ce wai shi ne zai cuci mutumin da da hannunsa ya sa shi a kabari.

Wannan maganar har yau in na tuna sai na ajiye abin da ke hannuna.

Nafi'u bai koma Zariya ba sai da ya mayar da sandunan nan ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaura wa kowace tsummanta.

Wasu an sake saƙa a tsakaninsu. Wuri biyu kuwa haka suka ƙare kakar nan babu komai.

Darasi: Idan ka ga abin da ba ka gane ba, ka tambayi wanda yake wurin kafin ka zo. Baƙin ciki yana sa mutum neman wanda zai ɗora wa laifi, kuma sau da yawa wanda ya fi kusa da mamacin shi ake fara kamawa. In iyayenka suna da rai, ka je ka ga abin da suke yi da ranakunsu, kada sai bayan sun tafi wani ya riƙa fassara maka.

Ku tura wa wanda ya daɗe bai leƙa gida ba. Ku kuma sa Baffa a addu'a, Allah ya jiƙan namu da naku.