Kaura da Farafara, Duk Dawa Ce

Shekarun baya, lokacin da damina ta yi mana gardama sau biyu a jere har rumbuna suka koma ɗakin ɓeraye, 'yata ta fari ta kamu da gudawa da amai. Ba ta cika shekara biyu ba. Muna ƙauyenmu, can bayan Ɗambatta.

Ni kuwa a lokacin ba a gaya mini magana. Matata ta ce mu kai ta asibiti, na ce haƙori ne. Hujjata da ƙarfinta: bara yarinyar ta yi irin wannan gudawar, aka kwantar da ita, ta warke. A ganina ciwon kamar ƙyanda yake, wanda ya yi sau ɗaya ya gama da shi. To na bana dole haƙori ne, kuma wa ya taɓa kai haƙori asibiti? Na saɓi fartanyata na tafi gona.

Rana ta uku da hantsi na dawo na tarar idanunta sun faɗa, tana kuka ba hawaye, nonon ma ta kasa kamawa. Matata ta goya ta, ta ce, "Malam, ko ka tada babur, ko na tafi da ƙafa."

Na tada babur. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Da aka sa mata ƙarin ruwa, sai na koma maimaita wa malamar asibitin hujjata, don bakina bai mutu ba. Dattijuwa ce mai haƙuri. Ta tambaye ni abin da nake nomawa, na ce dawa. Ta ce wace iri? Ai sai na gyara tsayuwa, na shiga bambance mata kaura da farafara kamar mai ba da karatu.

Ta bari na gama, sannan ta ce, "To Malam, ƙwayar cutar da muke zargi, rota, ita ma iri-iri ce. Ta bara kaura ce, ta bana wataƙila farafara. Duk dawa ce, amma jikin yarinya bai gama sanin su ba."

Ta ɗebi kashin yarinyar a 'yar roba, ta ce za a kai Kano a duba irin da ke yawo a yankinmu.

Bayan kwana huɗu muka dawo gida da 'yata tana neman koko. Shekaru bayan haka, da ɗigon riga-kafin cutar ya iso asibitinmu, ni da kaina na kai autanmu.

Abin da na koya shi ne, sanin abu ɗaya ba sanin danginsa ba ne, kuma na kusa biyan wannan karatu da ran 'yata. Har yau in ina ware iri gab da shuka, matata kan leƙo ta ce, "Malam, wannan kaura ce ko haƙori?" Yarinyar ce ke fara dariya, ni kuma dariyar tata ta ishe ni.