Rumbun Tsimin Mahaifina

Bana shekara sittin ke nan da rasuwar mahaifina, wanda ya yi sarautar kanto, wato hakimci, a ƙasar Adar zamanin Faransawa. Ni ce autarsa, kuma ban zo wanke shi ba. Mutum ne mai zafin hannu, mu ma ƴaƴansa mun ɗanɗana.

Bayan yunwar da fara ta kawo, kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, ya ba da umarni kowane magidanci ya zuba hatsi a rumbun tsimi. Mahaifina ne ya bi gari gari da gardawa, dogaran Faransawa, yana karɓa, ko mutum ya so ko ya ƙi. Shi ne kuma ke zaɓen samarin da za a tura aikin hanya na tilas. Idan dokinsa ya doso ƙauye, mata ɓoye damman gero suke yi a ƙarƙashin gado.

Ana cikin yaƙin Turawa damina ta gaza. Mutane suka cinye har irin shuka. Sai ga saƙon kumandan cewa a ɗora hatsin rumbun a kan raƙuma, na soja ne. Ruwan farko kuwa ya riga ya sauka, gonaki a jiƙe, babu abin da za a jefa a rami. Mahaifina ya sa aka fasa rumbun, kowane gida ya kwashi irinsa. Kafin gero ya fitar da kai an tuɓe masa rawani.

Na taɓa tambayarsa ko ya yi da-na-sani. Ya ce, "Ke, rufe mini baki. Kullum sai na tuna rawanin nan."

Yanzu idan na bi ta Garhanga ko Tabotaki ina ganin bankunan hatsi, har da allo a ƙofa, mutane na kai buhunansu da kansu. Da mahaifina ya gani, tsaki zai yi, ya tambayi wa ke riƙe da mabuɗi.

Abin da ya rage nasa, na alheri ko na zalunci, ban iya auna shi ba, wani dattijo ne ya auna mini ranar jana'iza. A ƙafa ya zo daga ƙauyensu, aka yi salla da shi, sannan ya tsaya a zaure ya ce a kira iyalin mamacin.

Ya ce mini, "Ɗiyata, hatsin da ya karɓa na yafe mishi, don ya maido muna. Ɗana da ya tura aikin hanya, shi bai maido ba."

Ya sa takalmansa ya tafi, ko ruwa bai sha ba.