Tabon da ke jikin Yaya Indo

Bana shekara hamsin ba ɗaya da rasuwar yayata Indo, matar Malam Sule na Mairuwa. Lokacin kuɗin fetur ya fara isowa ƙauyuka, kowa na sayen keke da rediyo, ana ganin babu abin da zai gagari kuɗi.

Da kaka, Yaya ta zo mana ganin gida Mabai. Muna sussuka zanenta ya zame, Inna ta ga jini ya kwanta baƙi ƙirin a cinyarta. Yaya ta rantse ba wanda ya taɓa ta, ba a yarda ba. Baba ya sa aka kira mijin, ya ci mutuncinsa gaban jama'a. Malam Sule, kai a ƙasa, ya ce, "Baba, wallahi ko tsinke ban taɓa ɗaga mata ba." Baba ya hana ta komawa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Sai ga zazzaɓi da haɓo, dasashi na zubar jini. A Zariya likita ya zuƙi ɓargonta ya duba, ya ce sankarar jini ce mai saurin ci, ita ke kawo tabon. Akwai magani mai ƙarfi, amma yadda ta galabaita yana iya riga cutar kashe ta. Ko a yi mata ƙarin jini a kai ta gida. Baba ya kasa ɗaga ido. "Sule, matarka ce," iyakar abin da ya ce. Malam Sule ya shiga ya tambaye ta, ta ce ɗakinta take so. Can ta cika, kafin dawa ta shiga rumbu.

Yau, in ji jikata mai aikin jinya, daga ɓargon ake gane sankarar da ke jin magani, da mai dawowa, da wadda sai an yi dashen ɓargo. Wace iri ce ta Yaya? Tambayar ta ƙi barina. Da za ta ji, na san cewa za ta yi: to, macen ƙauye tana kaiwa ga irin wannan magani?

Ba ta bar hoto ba, fuskarta ma ta fara ɓace mini. Abin da ta bar mana shi ne mijinta. Kowace damina sai ya zo ya nome gonar Baba, bai taɓa tada maganar ba. Baba kuwa, magana zarar bunu, bai sake iya haɗa hannu da shi a akushi ba. Da Baba ya rasu, Malam Sule ne ya karɓe shi a kabari.